Ido Ba Mudu Ba Ne

Masu iya magana na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. Wannan karin magana ta daɗe tana yi mana aiki, kuma har gobe ba za ta daina ba. Da ita uwargida ke zuba gishiri a miya ba tare da neman cokali ba, da ita dillali ke kewaya sa a kasuwar dabbobi ya yanka masa kuɗi, da ita manomi ke tsayawa bakin gona ya faɗi dami nawa zai ɗaure. To amma, jama'a masu karatu, akwai wuraren da ido bai san kimar komai ba, kuma a irin waɗannan wurare ne lafiya da dukiya ke salwanta ba a ankara ba. A kan haka nake son in yi 'yar magana a wannan mako.

Na yi shekaru ina koyar da fizik da shimi, wato ilimin sinadarai, a wata makaranta ta nan Yamai. Kowace shekara darasin farko kan tsaya ne a kan abubuwa uku: mene ne abu, yaya ake bincike, yaya ake awo. Yara kan ɗauki wannan darasi tamkar zaure, wurin da ake ratsawa da sauri domin a isa cikin gida, inda manyan lissafai na jarrabawa suke. Wata shekara wani yaro mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, in ban da a ci jarrabawa, me wannan zai tsinana wa mutum a gari?" Ajin ya kwashe da dariya. Tambayar kuwa ta cancanci amsa, domin iyaye da yawa ita ce a ransu, kunya kawai ke hana su faɗi.

Mu fara da abu. A wurin masana, duk abin da yake da nauyi kuma ya tare wuri, shi ne abu: dutse, ruwa, hayaƙi, har da iskar da muke shaƙa. Yakan zo a daskare, ko a narke, ko a matsayin tururi. Wanda ya sayi ƙanƙara a leda cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Yamai, ya ga biyu daga ciki kafin ya isa gida. In ya ɗora ruwan a wuta zai ga na uku. Kama ce ke sauyawa, ruwan yana nan yadda yake. Masana sun gano kuma cewa duk tarin halittar nan da muke gani an gina ta ne daga 'yan tushen sinadarai ƙalilan, waɗanda a yau aka san guda 118. Gishirin da muke ci haɗi ne na biyu daga cikinsu, sodiyom da kulor. Kowanne shi kaɗai guba ne, amma da suka haɗu sai suka zama abin da miya ba ta daɗi sai da shi.

Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma hannunsu ya san aikin. Masu dafa gishiri a Dallol Foga, wajen Gaya, sukan kankare ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa ya tsiyaye, su dafa ruwan har ya ƙone, gishiri ya saura a gindin tukunya. Mutanen Bilma su kuma rana suke bar wa aikin wuta. Abin lura a nan shi ne, a lokacin da gishirin ke cikin ruwa ido ba ya ganinsa ko kaɗan, alhali kuwa yana nan bai je ko'ina ba. Ɗauki lita 1 ta ruwa ka ɗora a sikeli, za ka sami gram 1000. Zuba gram 100 na gishiri ka motsa har ya ɓace, ka sake ɗorawa, za ka sami gram 1100. Ido ya ce gishiri ya tafi, sikeli ya ce ƙarya ne.

Wannan ƙa'ida, cewa abu ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama, wani Bafaranshe mai suna Antoine Lavoisier ne ya kafa ta sosai a littafin da ya fitar a 1789, kuma da sikeli ya kafa ta, domin ba ya gwada komai sai ya auna kafin gwaji da bayan gwaji. Tun kafin shi malaman Musulunci sun riƙi ma'auni da daraja. A wajejen 1121 wani malami mai suna Al-Khazini ya rubuta littafi sukutum a kan sikelin da ke bambance zinariya tsantsa da wadda aka gauraya. Ashe ke nan ilimin sinadarai bai tsaya da ƙafarsa ba sai ranar da aka daina cewa "na gani" aka koma cewa "na auna".

Mu da muke zaune bakin kogi muna da misali a ƙofar gida. Duk wanda ya tsaya kan gadar Kennedy a watan Agusta zai ga ruwan Kwara ya yi ja wur saboda laka. Baƙo in ya gani yakan tsorata, ya ce yaya za a yi mutum ya sha wannan. Amma laka ita ce mafi sauƙin rabuwa da ruwa. Mata sun daɗe da sanin cewa in aka jefa ɗan alif a tulu, laka za ta dunƙule ta kwanta. A ma'aikatar tace ruwa ta Gudel ma hanyar ke nan, sai dai da girma kuma da awo: a zuba alif, a bari ya kwanta, a tace ta cikin yashi, a sa kulor ya kashe ƙwayoyin cuta. Haka kuma ƙyallen tacewa ya taimaka ƙwarai wajen yaƙi da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi, domin ɗan ƙwaron da ke ɗauke da cutar yakan maƙale a ƙyalle. Abin da ya narke cikin ruwa kuwa, irin narkewar gishiri, ba ruwansa da ƙyalle, ba ruwansa da kwanciya. Ruwa na iya zama garau kamar hawaye, yana ɗauke da abin da zai nakasa mai shansa.

Sai batu na biyu, wato hanyar bincike. A makarantar da na koyar babu ɗakin gwaji. Akwai dai wani ɗaki mai wannan suna, wanda aka mayar ma'ajiyar karyayyun tebura. Saboda haka na kan aiki yara gida wurin iyayensu mata. Kowa ya san ana jefa kanwa a wake domin ya yi saurin nuna. Na kan tambaye su: wa ya gaya muku? Su ce Inna. In ce Inna ta yi gaskiya, amma yaya za ku tabbatar wa wanda bai yarda da Inna ba? Daga nan sai mu tsara gwaji. A sami tukunya 2 iri ɗaya, wake daga buhu ɗaya, awo ɗaya, ruwa awo ɗaya, wuta iri ɗaya. A jefa kanwa a ɗaya, a bar ɗayar haka nan, a duba agogo. Tukunyar da ba a sa wa komai ba ita muke kira tukunyar shaida, kuma ita ce ran gwajin, domin in babu ita ba ka da abin da za ka kwatanta da shi.

Wata yarinya ta dawo ta ce kakarta ta yi gardama, ta ce ai tukunyar da aka sa wa kanwa dama ta fi ɗayar saurin dahuwa. Na ce da ita ta gaishe mini da tsohuwa, domin ta fi mu duka fahimtar darasin. Maganin irin wannan gardama ɗaya ne: a musanya tukwanen, a sake gwadawa. Hanyar bincike ba ta wuce haka ba. Ka lura, ka yi tambaya, ka yi zato, ka gwada zaton ta hanyar sauya abu ɗaya tak, ka rubuta abin da ya fito, ka maimaita, sa'an nan ka bar wani ya maimaita ko da ba ya ƙaunarka. In sakamako ya saɓa wa zatonka, zaton ne zai kauce. Wannan yana da wuya ga ɗan Adam, musamman ga babba a gaban yara, amma tarbiyya ce da ƙasa ke bukata fiye da haddar sunayen sinadarai.

Gwajin da yara suka fi so shi ne na zoɓorodo. A jiƙa shi a tace, a raba ruwan kofi 3. A bar na farko yadda yake. A matsa lemun tsami a na biyu, sai jansa ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na uku, sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya koma wajen kore-kore. In aka ɗiga lemun a kan kanwar kanta sai ta yi kumfa, wata iska na fita. Ruwan lemo da aka tace da ruwan kanwa da ya kwanta, in an zuba su a kwalba, ba kowane ido ke raba su ba, amma zoɓorodo ya tona asirin kowanne. Abin da ake yi a manyan ɗakunan gwaji ke nan: a nemo wani abu da zai ara wa ido ganin da ba shi da shi.

Kanwar nan kuma tana koya mana wani abu. Kaɗan daga cikinta gyaran abinci ne, amma tana ɗauke da sodiyom mai yawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin jami'a na Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gado mai wuta. Kanwa ɗaya ce a tukunyar wake da ƙwaryar mai jego; yawan ne ya bambanta. Tsakanin magani da guba sau da yawa babu komai sai adadi, adadi kuwa ba a saninsa sai da awo.

Ga mu ke nan a batu na uku. Awo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna fid da zakkar kono da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mudu 4 ga kowane mutum. Alƙur'ani mai girma yana da sura guda da aka sa wa sunan masu tauye awo. A daular Sakkwato akwai muhtasibi, wanda duba mudu da sikeli a kasuwa yana cikin aikinsa. Duk da haka, shiga kasuwar Katako ko ta Wadata ka sayi hatsi. An ce tiya tana cin kamar kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuma ya ba da kamar tiya 40. To wace tiya? Akwai mai bugaggen gindi, akwai wadda aka cika ta yi tozo, akwai wadda ake tarewa da hannu a baki in mai awo ne ke saye, a janye hannun in shi ke sayarwa. Tiya girman wuri take aunawa, ba nauyi ba, shi ya sa tiyar hatsi da tiyar gari ba su zo ɗaya a sikeli. Irin wannan rikici ne ya sa Faransa ta kafa dokar mita da gram a 1795, aka ɗaura kilo a kan nauyin lita 1 ta ruwa, abin da kowa zai iya gwadawa a garinsu. Daga 1889 wani ɗan curin ƙarfe da aka adana a Sèvres, kusa da Paris, shi ne uban kilo na duniya, har zuwa 2019 da aka maye gurbinsa da wani adadi na halitta wanda ba ya tsatsa, ba ya goguwa.

Wanda aka tauye wa tiya ya yi asarar tuwon dare ɗaya, kuma in ya lura zai iya komawa ya yi faɗa. Awon da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya yi ƙanƙanta har babu mai iya lura. A raba gram 1 gida 1000, kowane kashi shi ne miligram. Akwai wani sinadari mai suna fuluwor da ake samu a wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa, yana narkewa cikin ruwan rijiya mai zurfi. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligram 1,5 a lita 1 ta ruwan sha. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan, ya ɗauki ƙwayar sukari guda, mai kamar gram 5, ya narkar da ita a tano 16 ko 17 masu cin lita 200 kowanne. Wane harshe ne zai ji zaƙinta? Fuluwor a ruwa ba ya sauya launi, ba ya wari, ba ya ɗanɗano. Tafasawa ba ta fid da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi, tunda ruwa ne ke tashi shi ya zauna.

Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun san wannan a jikin 'ya'yansu. A wajejen 1985 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar foraj mai zurfi. Ruwa ne mai kyan gani, kuma babu garin da ba zai yi murna da samun irinsa ba. Shekaru na tafiya sai haƙoran yara suka riƙa yin ja, sa'an nan ƙafafu suka fara lanƙwashewa, gaɓoɓi na ciwo, wasu ba su iya tafiya sai da sanda. A irin wannan hali mun san abin da bakinmu ke saurin faɗi: iska ce, sammu ne, gado ne. Hanyar bincike kuwa tambayoyi take yi masu sauƙi. Su wa abin ya kama, su wa ya bari? Yaushe ya fara? Me ya sauya a garin a wannan lokaci? Me waɗannan yara suka yi tarayya a kansa? Da aka auna ruwan, sai aka sami fuluwor ya haura ninki 3 na iyakar da aka yarda da ita. An yi kamar shekara 15 ana shansa. Yara dubbai abin ya shafa, ɗaruruwa daga cikinsu suka nakasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ANDDH, ta tsaya wa iyayen, ita kuma ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002.

Ina da dangi a Maraɗi, na kuma ga wasu daga cikin waɗannan yara bayan sun girma. Ƙashin da ya lanƙwashe a ƙuruciya ba ya miƙewa don an rufe rijiya. Abin da ke ci mini rai shi ne, gwajin fuluwor ba aikin yini guda ba ne. Ɗan'uwan gwajin zoɓorodo ne: a ɗiga wani sinadari a ruwan, launi ya sauya gwargwadon yawan fuluwor, a kwatanta da ruwan shaida wanda aka san adadinsa. Da an yi wannan tun farko, aka kuma ɗauki lambar da ta fito da muhimmanci, da labarin wani ne daban.

Ba ruwa kaɗai ba. A annobar sanƙarau ta 1995, mutane fiye da 50.000 aka yi wa allurar rigakafi ta jabu a ƙasar nan. Kwalaben sun zo da suna da tambari kamar na gaske. Sai da aka kai su ɗakin gwaji aka tarar babu maganin a ciki. Yau ma magunguna na yawo a faranti bisa kan 'yan talla, cikin rana, daga unguwa zuwa unguwa, ana saye saboda kyan kwali. Muna da ɗakin gwaji na ƙasa a Yamai, LANSPEX, wanda aikinsa ke nan, auna magani da ruwa da abinci. Amma ɗaki guda ba ya isar ƙasa mai faɗin tamu in jama'arta ba su san akwai abin da ya kamata su nemi a auna musu ba. Haka zancen yake ga arzikin ƙarƙashin ƙasa. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, kuma a tan guda na dutse 'yan kilo kaɗan ne na ƙarfen. Babu idon da zai dubi dutsen ya faɗi ko nawa ne. Mai kayan da bai iya awo ba, mai saye ke auna masa, ya kuma karɓi abin da aka ce.

In na ƙetare gada zuwa Harobanda, na kan tuna mutumin da jami'armu ke ɗauke da sunansa tun 1992. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi zurfi a ilimin fizik a Faransa, ya dawo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, ya kuma riƙe jami'ar Yamai, kafin rasuwarsa a 1991. Ranar da kowa ke kuka da ita, shi ya zauna ya auna ta, ya ƙera na'urorin dafa ruwa da ita. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu, da abin da ke kewaye da su. Har yanzu kiran nan yana jiran a amsa shi yadda ya kamata.

Saboda haka nake roƙon hukumomin ilimi da su sa sikeli, da ma'aunin zafi, da kwalba mai zanen awo a kowace makaranta, domin kuɗinsu bai kai na bikin buɗe makarantar ba. Ina roƙon 'yan'uwana malamai kada su jira ɗakin gwaji. Kanwa da gishiri da zoɓorodo suna nan a kasuwa, kuma babu laifi a faɗi darasin farko da Hausa ko Zabarmanci kafin a rubuta shi da Faransanci. Masu gari da shugabannin unguwanni kuma, duk ranar da aka zo ƙaddamar da sabuwar rijiya, kafin a yi guɗa, su tambaya cikin ladabi: an auna ruwan? Wa ya auna? Ina takardar, kuma yaushe za a sake aunawa? Wannan tambaya ba raini ba ce ga mai kyauta, haƙƙin yaran da za su sha ne.

Ido ya san kima, gaskiya ne, kuma a bar masa miya da cinikin sa. Abin da za a zuba wa jariri a baki shekara da shekaru kuwa, a kai shi ga mudu. Allah ya ba waɗanda suka cutu haƙuri da sauƙi, ya kuma ba mu ilimi mai amfani. Amin.